Ni da Gadon Ƙarfe a Hanyar Nguroje

Jalingo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sintali, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a motar: maigidana Baban Sadiya yana tuƙi, mahaifiyarsa Dada tana kwance a baya, ni kuma ina zaune wajen ƙafafunta a kan akwatin kwanuka. Yara mun bar su wurin maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, wadda ta rako mu da fitila har bakin titi tana tuna mini da tsarabar ganyen shayi. Nguroje muka nufa, can saman Mambila, inda aka haifi Dada, domin ta ga ƙanwarta Goggo Nenne. Ta daɗe tana wannan buri, amma babu motar haya da za ta iya ɗaukar mai jinya irinta.

Sai na fara gaya muku yadda motar take, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya dame ni ba. Tsohuwar bas ce ta raba burodi. Baban Sadiya mai walda ne a bayan Kasuwar Jalingo, ya saye ta tana kan duwatsu ko taya babu. Tun kafin azumi ya shige cikinta, bai fito ba sai bayan babbar salla. Ya yi mata ɗan kabad da wurin ajiye risho da labule, amma abin da ya cinye hankalinsa shi ne gadon. Ya yanka ƙarfe daidai tsawon Dada, ya rataye shi da sarƙar babur ta kusurwa huɗu. Yohanna mijin Maman Rifkatu, mai gyaran wayar mota, ya samo injin da ke kaɗa waifa, wato abin share gilashin tifa, ya haɗa masa da batir. Ka danna maɓalli ɗaya, gado ya sauko har bakin ƙofa, a zamo da Dada daga kujerarta ba sai an ɗaga ta ba. Ka danna ɗayan, ya yi sama yana wani gurnani kamar injin markaɗe mai mura.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Dada ya shanye. Ni ke ɗaga ta, ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, har bayana ya fara ciwon da ya sa nafila ma a zaune nake yi, in na rufe ƙofa. Ban gaya wa kowa ba. Dada Bafulatana ce ta ainihi. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so ya ji abu, bango take gaya wa yana tsaye. Ni kuwa sunana a bakinta "yarinyar nan". Na saba, kuma Allah ya sani ba don a gode mini nake yi ba. Amma ranar da aka gwada gadon, yana fara tashi da ita sai ta damƙe ƙarfen da hannunta mai lafiya, ta ce da ƙarfi yadda har maƙwabta suka ji, "Allah ya yi albarka. Wannan ɗan albarka ne."

Gado take nufi. Daga ranar ta ce ita a mota za ta riƙa wuni, a inuwar mangwaro, a can za a riƙa canja mata kaya. Ni da na shekara biyu ina jiran rabin wannan kalma, ƙarfen da aka tsinto a bola ya same ta rana ɗaya.

Garba Chede

Mun wuce Sunkani rana na fitowa. Lokacin ana wahalar mai, saboda haka jarkoki muka ɗaure a rufin mota, warin fetur ya bi mu har cikin tuwon da na ƙunso. Kafin Garba Chede 'yan sanda suka tare mu. Ɗaya ya leƙo ta taga ya ce wannan mota ce ko asibiti. Da Baban Sadiya ya nuna masa maɓallin, sai ya manta da takardu, ya kira abokan aikinsa. Ya danna da kansa, Dada ta yi sama, ya sake dannawa, ta yi ƙasa.

"Mama, kai ba ya jin tsoro?" in ji shi da gurguwar Hausarsa.

Dada ta ce tsoron me, ai ko jirgin Makka bai fi wannan daɗi ba. Hannunta na kan ƙarfen, leɓɓanta suna motsi ko bayan ta gama magana. Na ce a raina, ga shi nan, har a ɓoye ma addu'a take yi masa.

A cikin gari muka tsaya karin kumallo. Na sayo soyayyen kifi da doya, na cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya ina ba Dada a baki. Mutane sun zagaye motar, masu tallar rake da direbobi da matan da za su kasuwa, kowa yana sa wa Baban Sadiya albarka, shi kuma yana sunkuyar da kai yana murmushi. Ni ina tsugune da kwano a hannu, wata mata ta ce in ɗan matsa ta ga sarƙar da kyau. Na matsa.

Bali

Hanyar ta lalace, ga ruwan sama, ba mu shiga Bali ba sai bayan la'asar. Mun sauka gidan wani abokin Baban Sadiya, tela ne, matarsa Adda Hauwa ta karɓe mu da kunun gyaɗa mai zafi. Ina bakin rijiya ina wanke zannuwan da Dada ta ɓata a hanya, ta zo ta tsaya a kaina, ta ce ke kam kin huta, mijinki ya yi miki maganin wahala, yanzu ai danna abu kawai kike yi. Na ce mata haka ne, alhamdu lillahi. Hannuwana suna cikin kumfa har gwiwa.

Da magariba maza suka taru a ƙofar gida, Baban Sadiya yana yi musu bayanin yadda ya sha fama kafin kusurwoyin huɗu su riƙa tashi tare, da yadda injin farko ya ƙone. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka a kan wani abu ba, har ranar sunan Sadiya. Da ya shigo ya tambaye ni ko na rufe gadon da leda, kada feshin ruwa ya taɓa shi. Bai tambaye ni ko na ci abinci ba. Na yi istigfari, na tuna wa kaina cewa mai hidimar uwarsa ba a jin haushinsa. Zuciya ta ce ai ba shi kike jin haushi ba. Na rasa wanda zan kai wa ƙara. Wa zai saurari mace tana kishi da gado?

Mayo Selbe da hawan dutse

Washegari muka karya a Serti, muka isa Mayo Selbe wajen azahar. A nan kowace mota ke tsayawa a gindin dutse, inji ya huce, a ƙara ruwa, direba ya yi salla ya roƙi sa'a. Wani direban babbar mota ya zagaya tamu ya ce wa Baban Sadiya ya hau da giya ta ɗaya, kada ya yi gaggawa. Dada ta gaya wa labule cewa da za a ɗaga mutum ya ga ƙasarsu ta tagar sama, da ya ji daɗi. Baban Sadiya ya danna har gadon ya kusa rufi.

Hanyar tana naɗewa a jikin dutse, dama bango, hagu rami wanda ba a ganin ƙasansa. Gaban motar ya ɗaga sama, kwanuka suka gangaro kaina. A Jalingo Baban Sadiya ya yi ta gwajinsa, a tsakar gidanmu da ke shimfiɗe kamar faifai, bai taɓa gwada gadon a kan gangara ba. Muna shan wata kwana nauyin duka ya koma baya, sai ji muka yi ƙas, sarƙa ɗaya ta zame daga haƙoranta. Gadon ya karkace, kan Dada ya yi ƙasa, ƙafafunta suka yi sama.

Ba zan ɓoye muku ba, kalmar da ta fara zuwa zuciyata ita ce yauwa. Kafin in gama jin kunyarta na riga na miƙe na tare kafaɗun Dada da hannu biyu.

Baban Sadiya ya samu ɗan fili ya tsaya, ya yi tsalle ya danna duwatsu a bayan tayoyi. Ya danna maɓalli, injin ya yi gurnani, gadon ya ƙara karkacewa. Ya miƙa hannu zai ɗauko ta, Dada ta juya fuska ga jikin mota ta ce a bar yarinyar nan ta yi. Ko a wannan hali ba za ta yarda ɗan fari ya rungume ta ba. Ya koma ya tallafe gadon da kafaɗarsa. Na taka akwatin kwanuka, na juya mata baya kamar yadda na saba, na jawo hannunta mai lafiya ta wuyana, na zamo da ita a hankali. Bayana ya amsa, amma ya ɗauka.

Ina saukowa da ita na ji ƙirjinta yana bugawa a bayana kamar na tsuntsun da aka kama. Na yi nisa da motar kaɗan zan shimfiɗa mata tabarma, sai ta yi magana a kunnena, ƙasa ƙasa.

"Ba yau ba ne kawai. Duk sa'ad da ya motsa, kalmar shahada nake yi."

Na tsaya cak da ita a goye. Na ce, to Dada, yabon fa?

"In na ce ina tsoro, wancan zai kwance shi. Ke kuma ki koma sallar zaune." Ta yi numfashi. "Ƙofarki ba ta rufuwa duka, ɓingel am. Ni na gaya wa bango cewa gidan mai walda ne, amma bayan mutum ake lanƙwasawa. Daga nan ya fara ƙera gadon."

Ɓingel am, wato 'yata. Na sauke ta a tabarma, na daɗe ina gyara mata ɗankwalin da ba abin da ya same shi, don kada ta ga fuskata.

Baban Sadiya ya mayar da sarƙar, ya ɗaure ta da waya. Ya ce da mun koma gida zai kwance gadon ya sayar da ƙarfen, ya kusa kashe uwarsa da hannunsa. Dada ta dubi dutsen ta gaya masa cewa gado bai yi laifi ba, dutse ne ya cika tsayi. Sannan ta kalle ni. Da zan buɗe baki in faɗi abin da na ji, da gadon ya tafi a ranar, kuma jiya ma da haka nake so. Sai na ce masa kada ya kwance, amma ni gurnanin nan yana tsorata ni, ya sa masa giris, ya rage masa gudu, ya yi wa sarƙar abin tarewa. Kuma daga yau ni kaɗai zan riƙa danna shi. Ya ce ai bai san ina tsoro ba, me ya sa ban faɗa ba tuntuni. Na ce kunya.

Nguroje

Mun ƙarasa da gadon a ƙasa. Muka wuce Mai Samari, gajimare yana ratsa hanya kamar hayaƙin murhu, shanu a kan tuddai, sanyi yana shiga har ƙashi. Goggo Nenne tana bakin ƙofa cikin bargo. Ba su rungumi juna ba, ba su yi kuka ba. Ta zauna a bakin motar suka yi ta gaisuwa da Fulatanci, tambaya ɗaya sau uku sau huɗu, kowace tana kallon ƙasa, har shayin da aka kawo ya huce. Mun yi kusan mako. Mun sha kindirmo, mun ci dankali da man shanu, Dada ta ci abincin da rabon da in ga ta ci irinsa tun kafin ciwon. Goggo Nenne ma da aka nuna mata gadon ta ce Allah ya yi masa albarka. Na ji ɗan zafin, ba zan ce ban ji ba, amma bai kwana ba.

Komawa gida

Kafin mu sauko Baban Sadiya ya samu wani mai walda a garin ya ara masa wuta, ya yi wa kowace sarƙa marfi. Mun sake kwana a Bali, na bar wa Adda Hauwa fiya da ayaba. A shingen Garba Chede ɗan sandan nan ya gane mu, ya miƙo hannu zai danna, na ce masa yau mai gadon ta hana. Mun shiga Sintali ana kiran magariba, yara suka fito da gudu, Maman Rifkatu ta karɓi ganyen shayinta tana cewa ta ɗauka sanyi ya riƙe mu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mutanen Bali da Goggo Nenne da Maman Rifkatu da Yohanna. Gadon ma, to, Allah ya bar shi. Da za a sauke Dada maƙwabta suka taru kamar kullum. Na sa hannun dama a kan maɓalli, na tura na hagu ƙarƙashin bargo. Gadon ya fara saukowa, Dada ta ɗaga murya tana cewa ɗan albarka, ɗan albarka, kowa yana kallon ƙarfen. Yatsunta kuwa suna damƙe da nawa har suka yi mini shaida.