Hatsin Allah a Gidan Nomau

Wata 'yar ƙara ce, sharrr, ta tsabar masara da ta faɗa gindin gwangwanin da babu komai a ciki. Ina tsugune ina wanke kuɓewa na ji ta a bayana. 'Yata Murna ce, mai shekara tara, ta ɗebi hannu guda daga masarar da na auna za a kai inji, ta zuba a gwangwanin bayan ƙofa, kamar yadda take ganin ina yi. Ban san lokacin da na bar kuɓewar a ruwa ba. Ƙarar nan ta ɗauke ni daga Bebeji, ta ajiye ni a ƙauyenmu na bayan Badafi, a gaban murhun Kaka Rifkatu.

A gidajenmu na Kirista, mace ba ta ɗora tukunya sai ta ɗebi hannu guda na hatsi ta keɓe. Idan wata ya ƙare, matan zumunta su kwasa su kai coci. Kaka a wani ɗan tulu mai karyayyen baki take tara nata. Da lokacin girbi ya yi, bayan an ci tuwon dare, sai ta ja itace ɗaya ta bar garwashi, ta binne mana gyaɗa a toka. Ni da ƙanwata Ladi mukan zauna a tabarma ɗaya, zane ɗaya ya rufe mu, muna faɗa a kan wacce ta fi jan zanen. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai labari ɗaya da ba ta sa masa waƙa, kuma shi muka fi roƙo.

"Ku kuma ba ku gajiya da jin abin kunyata?" in ji ta. "To, ku matso. Wadda ta yi gyangyaɗi na cinye gyaɗarta."

Kakanmu Jatau ɗan Nomau ne, babban manomin da ke riƙe da tsafin gidansu. A al'adarsu ba a cin sabuwar dawa sai an yanka jan zakara a gindin tsamiya, babban ɗa kuma shi ke riƙe ƙafafun zakaran. Shekarar da Jatau ya karɓi Yesu, sai ya ce da mahaifinsa zai yi noma, zai yi girbi, zai ɗauki dami a ka, amma ba zai riƙe zakara ba. Nomau bai ɗaga murya ba. Ya dai fitar da shi daga gandu, ya hana shi rumbu, ya ce kada inuwarsa ta sake faɗa wa ƙofar gidan. Suka koma bakin rafi, shi da Kaka da goyo, suka kafa bukka. Shekara huɗu, in sun haɗu a hanya, tsohon sai ya dubi sama kamar mai duba hadari.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke dawa tana shirin fitar da kai. Sauran 'ya'yan Nomau suka tafi ci-rani, matarsa ta riga ta rasu, sai wata tsohuwar ƙanwarsa ke yi masa daka.

"Mace ba ta bukatar a gaya mata gidan da babu abinci," in ji Kaka. "Turmi ke faɗa. Kullum in na je ɗibar ruwa, ina jin dakan gidan surukina ta bayan danga. Ranar farko ban ji ba, na ce ko sun riga ni. Rana ta biyu shiru. Rana ta uku na tsaya da tulu a ka har wuyana ya yi tsami, ko tarin mutum ban ji ba."

A bukkarsu ma abin da ya rage ba zai kai kwana biyu ba, Jatau kuma ya tafi ƙodago wajen Tudun Wada. Hatsin da ke ɗakin kaɗai shi ne na ɗan tulun nan, wanda za a kai coci ranar Lahadi. Ta ce ta kai hannu sau uku tana janyewa. A ƙarshe ta juye shi a turmi, ta daka, ta dama kunu, ta rufe da faifai, ta shiga gidan da aka hana inuwarsu shiga.

Ta tarar da Nomau kwance a kan buzu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Ina kuka sami gero?"

"Wanda na keɓe wa Ubangiji ne, Baba."

A nan Kaka takan tashi zaune sosai, ta kwaikwayi muryar tsohon. "Ke 'yar nan, ba ki da hankali? Abin da aka keɓe ba a taɓa shi. In mai shi ya kashe ki fa?"

"Na ce, Baba, sha tukuna. In mutuwar ce, ma raba ta biyu."

Ya sha. Ya rage wa ƙanwarsa. Bai yi godiya ba.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne Lahadin. Kaka ta yarda da gaske cewa ta yi wa Allah sata. Ta ɗauki tulun wayam, ta shiga layin mata, kowacce na juye nata a buhu, sharrr, sharrr. Da aka zo kanta ta kife tulun, ko tsaba ɗaya. Ta tsaya a gaban jama'a tana kuka ta faɗi abin da ta yi. Sai matar mai bishara, wata doguwa mai faɗa, ta riƙe ƙugu ta ce, "Rifkatu, da ma a ina kike tsammani Ubangiji yake cin gero? Share hawayenki, kama mini bakin buhun nan." A ranar, matan suka raba hatsin gida-gida, kason farko a gidan Nomau.

Ladi takan tambaya, "Daga nan sai ya tuba?"

"Ina fa. Da zakaransa ya mutu. Amma da kaka ta kewayo, ya aiko da dami guda, ya ce a mayar wa mai tulu kayansa, shi ba ya kwana da abin wani. Ranar da zai cika kuma, ya sa aka kira masa Jatau ya riƙe masa kai."

Sa'an nan ta sa mu rufe ido, ta yi addu'a gajeriya, ta ambaci kowa da sunansa, har da waɗanda ba sa gaishe mu.

Ina yarinya, na ɗauka labarin yunwa ne. Da na girma na gane ba geron ne ya yi wa Kaka nauyi ba, ƙofar gidan ce. Ni ma ina da tawa ƙofar. Ladi ta musulunta, ta auri wani tela, suna zaune bayan tasha a nan Bebeji. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Amma na ji zafi, na faɗa mata maganar da ba ta dace ba, shekara uku ke nan ban taka gidanta ba. Kwanan baya na ji a kasuwa cewa mijin yana kwance, keken ɗinkinsa a rufe. Na ce Ubangiji ya ba shi sauƙi, na ci gaba da taya tumatir. Ina keɓe hannu guda kullum, ban taɓa fashi ba, amma ban taɓa tsayawa a bayan dangarta na saurari turmi ba.

Daren nan, bayan mun ci tuwo, na ba Murna labarin a gaban kurfoti, da muryar Kaka gwargwadon yadda zan iya. Ban ce mata komai game da Ladi ba. Da na gama, ta tashi ta ɗauko gwangwanin, ta leƙa ciki, ta girgiza shi.

"Mama, kada mu jira ya cika. Gobe mu kai wa Inna Ladi. In kin manta hanyar, ni na sani, kullum ina bi ta ƙofarsu in an tashi makaranta."