Yari da Sabuwar Motar Dabo

A shekarun da Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar Sakkwato ba, an yi wani mutum a Illela ana ce masa Yari. Ɗan masu raƙuma ne. Ubansa da kakansa duk tsakanin Illela da Tawa suka tsufa, su kai goro da tufafi, su komo da gishiri da dabino. Shi ma ya bi ayari yana saurayi, sai dai ba a taɓa sakin jiki da shi ba, don mutum ne mai tafiya cikin tunani. Yana riƙe da akala, idonsa na can kan kawalwalniya, yana ganin tafkuna da garuruwan da babu su, har raƙumin ya saki hanya ya shiga cin ƙaya bai sani ba.

Wani Bature mai awon iyaka ne ya fara kawo mota garin, wata 'yar baƙa mai dogayen ƙafafu. Aka ɗauki Yari aikin zuba mata ruwa da tura ta in ta kafe a rairayi. Da kallo ya koye ta. Matakan ƙafa uku gare ta a ƙasa. Ka danne na hagu ta tashi a hankali, ka sake shi ta zura. Na tsakiya na komawa baya, na dama birki, mai kuwa da yatsa ake ba ta a jikin sitiyari. Da Baturen zai bar ƙasar sai ya sayar wa Dabo, wani attajiri mai fataucin fatu tsakanin Ƙonni da Sakkwato, Yari ya bi motar kamar yadda sirdi ke bin doki. Shekaru ya yi yana jan ta. Ta dace da halinsa, don ba ta neman hankalinsa duka. Ƙafarsa na aikinta, shi kuwa yana can wani wuri.

Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, kasuwar fatu ta buɗe, Dabo ya aika aka sayo masa babbar mota sabuwa fil, koriya, mai akwatin katako a baya. Wani direba Mukhtari ya kawo ta. Ya zaunar da Yari a gaba, ya nuna masa sandar ƙarfe da ta tsiro daga ƙasa mai dunƙulallen kai.

"Wannan ita ce giya," in ji Mukhtari. "Matakin hagun nan shi ne kuloci. Ka taka, ka fidda ita, ka saki, ka ɗan jira, ka sake takawa, sannan ka sa ta gaba. Kada ka yi mata dole."

Yari ya ce to. Amma ƙamshin sabon fenti ya riga ya ɗauke shi, yana shafa kujerar, yana hango kansa a wata hanya mai tsawo da bai san sunanta ba. Kashegari Mukhtari ya koma.

Ranar kasuwa aka fara gwaji. Yari ya murza ƙarfen gaba, inji ya kama, ya hau. Ya danne matakin hagu kamar yadda ƙafarsa ta saba, motar ta ƙi motsi. Ya ɗaga ƙafa don ya duba, ta yi tsalle ta mutu. A tsohuwar, dannawa ke sa tafiya. A wannan, dannawa ke yanke ta. Da ƙyar ya tashe ta, da ya zo canza giya sai ƙarfe ya ci ƙarfe, wata ƙara ta fito da ta tarwatsa jakunan masu albasa. Dabo na tsaye bakin rumfarsa, ya runtse ido kamar haƙorinsa aka taɓa.

Da yamma Yari ya zauna a tsakar gida, tuwo na gabansa yana sanyi. Matarsa Tasalla ta dube shi.

"Malam, mi ya same ka?"

"Giya ta ƙi shiga."

Ta ajiye ludayin hannunta a hankali. "Giya hwa? Yaushe ka soma wanga abu?"

Sai da ya yi dariya har da hawaye kafin ya iya yi mata bayanin cewa ba ta sha ba ce. Ta ce to Allah ya kyauta, amma masu motar su sake mata suna.

Dariyar ba ta gyara kome ba. Damina ta sauka, hanya ta rufe, ya riƙa fita da motar wani fako wajen ƙauyen Araba yana zagaye. Hannu ya yi daidai, ƙafa ta makara. Ƙafa ta yi daidai, hannu ya yi gaggawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne motar ta hana shi tunani. Da zarar hankalinsa ya tashi zuwa gajimare, sai ta yi kuka ta komo da shi. Daga ƙarshe ya samo wa kansa dabara: in ya samu ta shiga giya ta biyu, sai ya bar ta nan, ya tafi a haka, inji na gurnani, ruwa na tafasa. Mutanen ƙauyukan hanya suka saba da jin sa tun daga nesa, har mata kan kwashe shanyarsu ba gaggawa kafin ya iso.

Da kaka ta kama, mahaifiyar Dabo, tsohuwa Zuwaira, ta ce tana son ta ziyarci Hubbare kafin ƙasa ta rufe mata ido. Ba ta iya zaman raƙumi kuma, mota kuwa ba ta taɓa shiga ba. Dabo ya kira Yari.

"Inna za ka kai Sakkwato. Ni ina baya wurin kaya. Ka bi da ita sannu."

"In Allah ya so, Maigida."

Aka shimfiɗa mata buzu a kujerar gaba, aka ɗora ta. Ba ta fi nauyin ɗan akuya ba. Suka fita da hantsi. Gero ya nuna hagu da dama, zangarniya ta sunkuya, balbelu na tashi daga fadama su sauka gaba kaɗan. Tsohuwar ba ta ji tsoro ba. Ta riƙe carbinta tana kallon gonaki na wucewa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, wagga hanya na bi ta da ƙahwa ina budurwa. Can akwai wata rijiya, ruwanta awa nono. Ban san ko tana nan ba."

"Ban san ta ba, Inna."

"Ba ka sanin ta. An daɗe."

Ta ambaci ƙawayenta na lokacin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta iya kitso, wadda ke tsoron kura, wadda aka kai Gobir ba a sake ganin ta ba. Muryar ta yi ta raguwa. Can sai Yari ya ji wani abu mara nauyi a kafaɗarsa. Ta yi barci, kanta a jikinsa, carbin ya tsaya tsakanin yatsunta.

Hanya ta miƙe, ƙasa ta yi tauri, inji ya fara gurnanin nan nasa. Yari ya ga girar tsohuwar ta motsa. In ya bar motar a haka ƙarar za ta tashe ta, in ya taɓa sandar kuma kukan ƙarfe ya fi muni. Ya taka kuloci a hankali don kada kafaɗarsa ta girgiza. Ya zare giyar, ya saki. Bai yi saurin turawa ba, saboda tsohuwar tana cikin sauke numfashi, sai ya jira ta gama. A cikin jiran nan ya ji injin ya lafa, muryarsa ta sauko. Ya sake takawa, ya kai sandar da yatsu biyu, ta shige kamar cokali a man shanu.

Motar ta yi shiru, ta miƙe. Iska ta shigo da ƙamshin ɗanyen kara. Bai yi murna ba ma, don yana tsoron motsi. Da suka zo gangaren wani kwari ya sauko da ita, ya haura, ya mayar, duk ba ƙara. Wajen Gwadabawa ya lura ya daɗe yana kallon wani gajimare mai kama da garke, hannunsa da ƙafarsa na ta aikinsu ba su tambaye shi ba.

Sai da suka hango gulbi tsohuwar ta farka. Ta gyara lulluɓi, ta dubi ruwan.

"Har mun taso?"

"Mun kusa isa, Inna."

Ta yi ziyararta, ta kwana biyu a birni wurin dangi, ya komo da ita. Ba ta ga kakar gaba ba.

Yari ya ja koriyar motar nan har katakonta ya ruɓe aka sake wani, ya ja wadda ta biyo ta. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kayar da mota ba. 'Ya ɗaya suka samu da Tasalla, Hindatu, shi da kansa ya kai kayan ɗakinta gidan mijinta a Darna. Da yanar ido ta fara rufe masa gani ya miƙa wa Dabo mabuɗi, ya koma ƙauyen Garu inda yake da 'yar gona ta gado. Tasalla kan kama hannunsa da safe ta kai shi gindin wata tsamiya a bakin gonar, ta bar masa ƙwaryar fura. Nan yakan wuni, fuskarsa na fuskantar arewa, in wani ya wuce ya gaishe shi, ya tambaye shi ko gero ya fara fidda kai.