Likkafanin da aka yanko da mita

Shekarun baya, lokacin da ciwon maigidana ya yi nauyi, ya kira ni ya ce a sayo mishi likkafani tun yana gani. Ɗiyata ke rubuta mini wannan, ni ban yi boko ba, in na yi kuka ta jira ni.

Shi mai sayar da yadi ne a kasuwar Illela, dogo ne ƙwarai. Ya faɗi yadin da zai ishe shi. Ɗanmu ya hau babur ya tsallaka iyaka zuwa Konni, ɓangaren da Faransawa suka mulka, don can aka fi samun farin alawayyo mai kauri. Da ya dawo sai ya ce, “Inna, can ba su san yadi ba, da mita suka yanka.”

Ban san mita ba. Na shimfiɗa shi a tsakar gida ina aunawa da kamuna, na manta hannuna gajere ne, lissafi ya ƙi fita. Ba abin da nake gani sai ƙafafun Malam a waje, maza na kallo, ana cewa iyalinsa sun kasa suturta shi. Na hau yaron da faɗa har Malam ya ji daga ɗaki.

“Hajiya, mi ya faru? Kawo shi nan.”

Muka tada shi zaune. Ya kama bakin ƙyallen a kan hancinsa, ya miƙa hannu, yadi guda ke nan, ya sake, ya sake, har ƙarshe. Sai ga saura a cinyarsa.

Ya yi dariya har da tari. “Mita ta ɗara yadi, uwar tsoro. Yadi kalmar Turawan Ingila ce, asalinta sanda kawai take nufi. Su ma da ƙafa da hannu suka fara awo, kamar kamu da taki namu. Faransawa ne suka auno mita daga girman duniya. To ga shi duniyar ta yi mini gyara.”

Na ce, “Malam, bari wanga wasa.” Ina kuka, yana dariya.

Bai kai damina ba. Likkafani ya rufe shi ruf, aka miƙo mini guntun da ya rage.

Yana cikin akwatina har yau. Wani lokaci nakan ɗora bakinsa a hancina in miƙa hannu yadda Malam ya yi. Hannuna ba ya kai ƙarshensa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.