Kaset ɗin Inna da Injin Darakta

Tun da maigidana ya yi ritaya, ranar Asabar ta fita daga hannuna. Ana sallame la'asar zan ji motoci na tsayawa a ƙofar gidanmu a Unguwar Rimi. Su uku ne kullum: Darakta, wanda ya taɓa zama ogan maigidana a ma'aikata kuma har yau ba a kiransa da wani suna, sai Injiniya, sai wani siririn malamin jami'a da suke ce wa Dakta. A saki labulen falo, a kashe fitila da sauran rana, ni kuma in kai shayi da cincin in fito.

Abin da suke kallo shi suke kira fim na gaske. Yawanci baƙi da fari ne, na wasu ƙasashe masu sanyi, da yaren da babu mai ji a cikinsu, sai dai su bi rubutun da ke ƙasa. Na taɓa ajiye tire ana nuna wani tsoho yana shafa wa kwalekwale fenti. Na je na ɗora miya, na yanka alayyafo, na dawo kwashe kofuna, yana nan bai gama gefe ɗaya ba. Magidanta huɗu, masu jikoki, sun zuba masa ido kamar za su biya shi kuɗin aikin. Da na ga daga ƙarshe an kwantar da tsohon a gado, sai tausayinsa ya kama ni, na tambaya ko ya warke ne ko ya cika. Dakta ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce wa maigidana, ba ma ni ba, wai ai tambayar me ya faru ita ce alamar wanda finafinan rawa da waƙa suka ɓata wa ido. Maigidana ma ya yi murmushi. Na kwashe kofunana. Har yau ban san makomar tsohon nan ba, kuma ina zargin su ma ba su sani ba, don na ga Injiniya yana gyangyaɗi.

Kallon ma da sauƙi a kan musun da ke biyo bayansa. Ba a kan labarin suke musu ba, a kan kwalin faifan ne. Wane bugu ya kamata mutum ya ajiye a kantarsa, na fari ko wanda aka sake fitarwa da ɗan littafi a ciki. Dakta ya ce wanda aka wanke hotonsa ya fito tas shi ne girmama mai aikin. Injiniya ya ce a'a, zane-zanen nan da ɗigon fari da ke gilmawa a tsohon hoto su ne ransa, wanda ya goge su ya yi kisan kai. Darakta ba ya shiga sai an gaji, sannan ya yanke hukunci cewa shi yana da duka biyun, kuma bai buɗe ledar ko ɗaya ba, don da zarar an yage leda darajar abu ta tafi. Ina daga kicin ina jin wannan, ina tunanin macen da za ta sayi tukunya ta ƙi cire ta daga kwali, ta riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Da tuni an fara yi mata addu'a.

Zan faɗi gaskiya saboda Allah, ana kiran magariba suna tashi su tafi masallaci. Sai dai Darakta ba ya fasa cewa an katse fim a wurin da bai kamata ba, kamar ladan ne ya kamata ya tambaye shi lokaci.

Ni ma ina da nawa fim ɗin, guda ɗaya. Tsohon kaset ne na bidiyo, babu hoto a kwalinsa, sai rubutun biro da ya koɗe. An ɗauke shi ranar walimar saukar Alƙur'anin ƙanena, a gidanmu na Unguwar Sarki. Kawuna, ƙanin Inna mahaifiyata, shi ya aro kyamara a wurin aikinsa, kuma da yake ɗan gida ne sai ya faɗo cikin gida tun da hantsi, kafin kowa ya shirya. Ya tarar da Inna zaune a kan tabarma da ɗaurin ƙirji, kanta babu ɗankwali, ana tsakiyar yi mata kitso, tana kuma tsince shinkafa a faranti don ba ta iya zama hannu sake. Ya tsaya a kanta yana tsokanarta, tana korarsa tana dariya. Inna ba ta yarda da hoto ba duk rayuwarta. In ka cire ɗan ƙaramin hoton fasfo na aikin Hajji, wannan kaset shi ne kaɗai inda fuskarta take, kuma babu wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai cikinsa.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar da nake ba da labari. Ina shanya kayan akwati na ɗauko kaset ɗin, sai na hangi wani fari-fari ta 'yar tagarsa, kamar an barbaɗa gari. Fumfuna ce. Namu bidiyon ya mutu tun yara suna firamare. Na hau keke napep na tafi Rafin Guza wurin mai gyaran rediyo da muka saba da shi, na tarar ya koma gyaran waya. Ya juya kaset ɗin a hannu, ya ce rabonsa da ganin injin da ke karanta wannan ya manta, kuma in ba a kwafe shi da wuri ba, damina mai zuwa sai dai in ajiye kwalin don tunawa.

Da na gaya wa maigidana, fuskarsa ta washe. Ashe Darakta yana da injin da ke kwafe kaset zuwa faifai, wataƙila shi kaɗai ya rage mai aiki a duk wanda muka sani. Sai dai injin ba ya fita daga ɗakinsa, babu mai taɓa shi, kuma duk abin da za a kwafa sai yana zaune yana kallo daga farko har ƙarshe. Na ce to wannan ba zai yiwu ba, na tuna masa yadda Inna take a ciki. Ya ce:

"Haba Hajiya, tsohuwa ce fa, kuma Allah Ya yi mata rasuwa. Mene ne a ciki?"

Inna fa yake nufi. Matar da ko mai sayar da gawayi ya yi sallama sai ta yafa mayafi kafin ta amsa daga bayan ƙyaure. Rasuwa ba ta mayar da gashin kanta abin kallon ogan surukinta ba.

Na ɗauka maganar ta mutu a nan. Asabar da ta biyo ina jera kofuna a tire sai na ji muryar maigidana yana ba su labari, da 'yar alfaharinsa ta wanda yau ya kawo abin da oga ba shi da shi. Falon ya ɗauki zafi. Dakta ya ce irin wannan shi ne asalin abin da manyan masu fim ke nema su kasa samu, mace a cikin gidanta ba ta shirya wa kyamara ba. Injiniya ya tambaya ko hoton yana rawa, da aka ce yana yi, ya ce madalla, kuma fumfunar ma za ta ƙara masa kyau. Darakta ya ce a kawo, za su kalla tare, zai riƙe kwafi ɗaya a kantarsa, a layin da ya ware wa abin da ya kira rayuwar talakawa. Waɗannan fa su ne mutanen da in aka ambaci fim ɗin Hausa suke yamutsa fuska kamar an buɗe kwata. Yau tsakar gidan Bahaushiya ta zama abin marmari, don dai ba ta san ana kallonta ba. Na shiga na ajiye tiren. Darakta ya ce, "Uwargida, an ce kina ɓoye mana dukiya." Na ce Allah Ya ƙara girma, na fito.

Sati biyu ina ɗauko kaset ɗin ina dubawa, farin yana ƙaruwa. Na yi sallah na roƙi Allah Ya nuna mini hanya, don zuciyata ta fara raya mini cewa in ba su kawai, minti nawa ne, Inna ma ba ta nan. Sai in tuna yadda take jan zane ta rufe ƙafa in ta ji takun namiji, in mayar da kaset cikin akwati.

Asabar ta uku na cika musu filas biyu, na ajiye cincin a kan tebur, na ce wa maigidana zan je in gaida matar Darakta, kuma da kaset ɗin zan tafi. Ya dube ni, bai hana ba. Ni kaina ban san me zan ce mata ba. Mun sha haɗuwa a suna da ta'aziyya, mace ce mai jiki, mai shiru, wadda mijinta ke faɗa a gaban mutane cewa ba ta bambance fim da tallan omo.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta tashi ta ɗauko makulli a ƙarƙashin abin sallarta. Na ce ba na son a taɓa kayan mutum ba da izininsa ba.

"Kayan wa?" ta ce. "Ƙanena ne ya kawo mini injin nan tsaraba, don in kwafe bikin 'ya'yana. Alhaji ya gani ya ce ni ba zan iya da shi ba, ya kai ɗakinsa. Yanzu kuma ko kunna shi zai yi sai ya kira ni, ba ya ganin rubutun jikin maɓallan."

Ɗakin ya fi falona girma, kanta har rufi ta bango uku. Faifai jere bisa jere, fiye da rabi suna ƙyalli a cikin ledarsu. Ta ce duk Alhamis ita ke sauke su ta goge ta mayar, kuma in ta kuskure jeri ɗaya sai an yi kwana biyu ana mita. Na tambaye ta ko ya kalle su duka. Ta ce in shi kaɗai ne, minti goma ba ya cika sai ta ji munshari, ita ke zuwa ta kashe. Wasu ma ita ta ƙarasa su, tana zaune tana jiran ya farka, har akwai biyu da suka sa ta kuka. Na ce ko ta san na tsoho mai kwalekwale. Ta ce wannan kam ita ma barci ta yi.

Ta kulle ƙofa. Ta kwance kaset ɗin da ɗan sukudireba, ta samu auduga da wani ruwa a ƙaramar kwalba, tana juya zaren da yatsa tana sharewa a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Mun fi awa a kan wannan. Sannan ta sa shi a injin, ta sa sabon faifai, ta danna abin da za ta danna.

Farkon duk ya tafi. Yayyafi ne kawai fari da baƙi, da wata ƙara. Can sai tabarma ta fito, sai faranti, sai hannun Inna da zoben azurfarta. Wani farin layi yana ta gilmawa ta kan fuskarta, yana yanke ta biyu, ya tafi ya dawo. Wannan ne abin da Injiniya ke kira ran hoto. Da a ce tasa uwar ce layin ke yankawa, da na so in ji ko zai ce madalla.

Sai ta ɗago kai ta ce wa kawu, "Kai dai ba ka da aikin yi. Kashe abin nan ka je ka ɗauko mini kujeru." Ta kai masa jifa da ƙwayar shinkafa, tana dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari. Shekara goma sha wani abu ina ƙoƙarin tuno muryar nan, ashe na sirantar da ita a raina, ta fi haka kauri. Na yi kuka sosai. Matar Darakta ta juya kujerarta gefe tana jan carbi har aka wuce wurin, ita da take mace.

Na dawo gida bayan magariba, baƙi sun watse. Darakta ya ji labari a daren, ya aiko ta bakin maigidana cewa tunda an yi amfani da injinsa, ko kwafi ɗaya ai ya cancanta. Na ce a gaya masa injin na matarsa ne, kuma na yi mata godiya. Ban san yadda maigidana ya isar da saƙon ba. Na dai san Asabar biyu Darakta bai zo ba, ta uku ya dawo da sabon faifai a leda, aka ci gaba da musun kwali.

Faifan na naɗe shi a mayafin Inna, yana ƙasan akwatina tare da kaset ɗin. Ranar wata Lahadi da safe maigidana ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina yana juya hula a hannu, ya ce ko zan sa masa. Na ce ya tuna Inna ba ta taɓa ko shan ruwa a gabansa ba. Ya ce ya tuna, muryar kawai yake so ya ji, don ita ce ta ce a ba shi ni lokacin da wasu ke cewa ƙaramin akawu ne.

Na kai faifan falo na sa. Ya ɗauki kujerarsa, wadda yake zama a kai duk Asabar, ya juya ta ta fuskanci bango, ya zauna ya ba talabijin baya. Da aka zo wurin kujeru na ga kafaɗarsa ta motsa. Bayan na kashe ya daɗe bai juyo ba, sannan ya tambaye ni ko kawu ya ɗauko kujerun kuwa. Na ce bai ɗauko ba, ni aka aika.