Bandeji a Jikin Turare

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka, Baba Diresa kowa yake cewa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗan ɗaki a bayan asibiti, mai benci ɗaya da taga ɗaya, yana wanke ciwo yana ɗaurewa. Ƙafar ɗan dako, yatsan mahauci, gwiwar ɗan ƙwallo, duk sun bi ta hannunsa. Ba shi da yawan magana a bakin aiki. Sai dai ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Da tun jiya ka zo." Ko da ya yi ritaya bai rabu da almakashinsa ba, kuma in ka ga yadda yake naɗe tabarma sai ka rantse hannun wani yake ɗaurewa.

Maiɗakinsa ita ce mai surutun gidan. Ita ta dawo daga kasuwa wata rana da ɗan tsiro a leda, ta ce itacen turare ne, ganyensa yana maganin mura. Ta dasa shi a bayan gida, kusa da inda take zubar da ruwan wanke-wanke.

Ya ce, "Wannan tsinken ne zai zama bishiya?"

Ta ce, "Kai ma da na same ka ba ka fi shi kauri ba."

Ba ta ga girmansa ba. Ta rasu tsiron bai wuce kafaɗarta ba. Tun daga nan Baba Diresa ya ɗauki ban ruwa, har bishiya ta wuce rufin ɗaki, ta miƙe sambal.

Wata safiya ya fito da bokiti, ya tarar da ɓawo a zube a ƙasa. Jikin bishiyar ya tsattsage, wani wurin ya ɗaye yana reto. Ya ajiye bokitin. A iya saninsa, fatar da ta saɓule haka, in ba ƙuna ba to ruɓa ce. Ya shiga ɗaki ya ɗauko almakashi, ya yayyanka tsohon zanen gado. Ya tsince ɓawon, ya mayar da kowane inda yake zaton nan ne mazauninsa, ya naɗe tun daga gindi har iyakar inda hannunsa ya kai.

Autarsa, wadda take leƙo shi kullum daga gidan mijinta, ta tarar da bishiya fes cikin farin ƙyalle. Ta danne dariya ta ce, "Baba, karaya ta yi?"

Bai ko murmusa ba. Ya ce, "Mutuwa take so ta yi. Ita kaɗai ce abin uwarki da ya rage yana numfashi a gidan nan."

Dariyar ta koma ciki. Ta juya ta tafi ta kira Gatari, tsohon abokinsa mai sayar da katako da sandunan gini.

Gatari ya shigo, ya zagaya bishiyar, ya riƙe ciki don dariya. "Diresa, saura allura! Ka auna mata zafin jiki kuwa?"

"In sara ka zo yi, ga ƙofa nan."

"Haba, wa zai sari majinyaci?" Ya tsinki ganye, ya murza, ya kai masa hanci. "Shinshina. Ka ji kamar lemun tsami? Ai turare iri-iri ne. Akwai mai zubar da ɓawo dogo-dogo kamar igiya. Akwai mai ɗayewa nan da can, ta zama dabbare-dabbare. Akwai mai riƙe kaushinta har ta tsufa. Wannan taka mai ƙamshin lemun, in ta tasa, tuɓewa take yi tas duk shekara. Ƙiba ta yi, riga ta matse ta. Ko gwaba ma tana yi, ba ka lura ba?"

"Kai da ba ka san su ba sai a kwance."

Gatari ya daina dariya. Ya ce, "To kwance mu gani. Wadda za ta mutu, in ɓawonta ya faɗi, ƙarƙashinsa a bushe yake, duk hudar ƙwari. Ni katako na sani. Fata kuwa aikinka ne, kai za ka faɗa mana."

Baba Diresa ya matso jikin bishiyar. Sannan ya kama bakin ƙyallen ya fara warwarewa. Tururuwa suka watse. Ɓawon da ya mayar ya zubo a ƙafarsa. Ƙarƙashinsa ga jiki sumul, fari da ɗan ja-ja. Ya ɗora bayan hannu, ya ji sanyi. Ya danna da babban yatsa, ya kai ido kusa. Ya san irin wannan fata. Irinta ce take fitowa in ɓawon ciwo ya faɗi don kansa, lokacin da yakan ce wa mutum ya bar wurin ya sha iska.

Ya sauke numfashi, ya ce a hankali, "Ta warke."

Gatari ya ce, "Ta yi ciwo ne balle ta warke?"

Auta ta saki dariyar da ta riƙe tun ɗazu, tana share ido da gefen mayafi. Gatari kuwa ya duƙa yana tattara ɓawon, wai yana kama wuta da sauri. Da ya miƙa hannu zai finciko wani da yake reto a jikin bishiyar, Baba Diresa ya buge hannun.

"Ɗebi na ƙasa. Wannan bai nuna ba tukuna, ka bar shi ya faɗi da kansa."