Teburin da Baba Musbahu Ya Bar Mana

Ina neman afuwar iyayena da malamaina da za su ga sunana a wannan takarda ta ƙungiyar 'yan kasuwarmu. Na san ba wurin yara ba ne. Ni ce Hikima, 'yar Malam Saïdou mai atamfa a unguwar Akébé ta Libreville, ɗaliba a lise, wato babbar sakandare, kuma duk wanda ya san ni ya san gaisuwa ma da ƙyar take fita daga bakina. Na jira ko wani babba zai rubuta abin da ke raina, sai na ga hankalin kowa yana kan kaya da takardu da jirgi. Shi ya sa na ɗauki biro. Inda na kauce, a ɗora wa ƙuruciya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga watan azumi, daidai da 9 ga Fabrairu 1995, Allah Ya karɓi ran Alhaji Musbahu Gwarzo, mai kantin kayan masarufi na bakin titin Akébé. Ya dawo daga tashar jiragen ruwa ta Owendo, inda ya raka wasu samarinmu da wa'adin takardar zama ya rutsa da su. Ya yi la'asar, ya ce a bar shi ya ɗan kishingiɗa kafin shan ruwa. Da aka kira magariba maiɗakinsa Hajiya Ƙulu ta kai masa dabino, ta tarar ya tafi da azuminsa a baki. Washegari Juma'a aka yi masa sutura.

Baba Musbahu, manya za su faɗi abin da ka yi wa masallaci da baƙi da marasa lafiya. Ni abu ɗaya na sani sosai, shi ne teburin.

Ga wanda bai san shi ba, tebur ne na katako, a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke gaban kantinka. Kowace shekara, Lahadin da ta biyo bayan ƙaramar Salla, 'yan kasuwa suna taruwa a nan, a ba wani matashi mai sana'ar hannu teburin ya yi shekara a kai, ba haya, kuma a ƙarƙashin takardar cinikinka. Ka hana a ba yaro kuɗi a hannu. Kowane ɗan kasuwa abin da yake sayarwa yake kawowa: wannan zare, wancan ƙusa, wani kuma gurbi a motarsa. Sai dokar da ka fi ƙauna: ba manya ke zaɓa ba. Wanda shekararsa ta ƙare shi zai miƙe a gaban jama'a, ya faɗi sunan magajinsa da bakinsa, ya faɗi dalili. Kakan ce manya sun san riba, amma yaro ne ya san yaron da ke aiki idan ba a kallonsa.

Bana teburin a hannuna yake. Salla ta matso. Idan ban kira sunan kowa ba, daga kaina ya ƙare.

Na tuna yadda ya zo hannuna. A farkon bara aka wayi gari an karya darajar kuɗin sefa. Kuɗin suna nan yadda suke, da hotunansu da launinsu, amma sai suka zama kamar shayin da aka ƙara wa ruwa. Jakar makaranta da ake kawowa daga Faransa ta fi ƙarfin iyayen da yawa daga cikinmu. Mukan rungume littattafai a ƙirji, ruwan Libreville kuwa ba ya sallama kafin ya sauko. Ni kuma tun ina ƙarama ina tausayin lemomin kare ruwa da iska ta karya, waɗanda ake yarwa a bakin kwata, haƙarƙarinsu a waje. Na fara tsince su, in ɓare yadin, in wanke, in ɗinka jaka da hannu. Ta farko baƙa ce da ratsin ja. Littattafaina suka daina jiƙewa, 'yan ajinmu suka fara tambaya.

Ban san Talha yana kallo ba. Talha shi ne mai gyaran rediyo da ya riƙe teburin kafin ni. Ranar taro na je kallo ne kawai, na laɓe bayan mahaifiyata, sai na ji ya ce, “Hikima 'yar Malam Saïdou. Na zuba wa jakarta buta guda, takardar ciki ko ɗigo.” Aka ce in fito in yi magana. Na fito. Na kalli ƙafafun mutane, na ga takalmin kowa, amma ko kalma ɗaya ban samu ba. Kai ka cece ni, Baba. Ka yi dariya ka ce, “Ku ƙyale 'yar lema. Shekara guda gare ta ta nemo bakinta, baɗi za mu ji shi.” Tun daga ranar ba ka sake kirana da sunana ba.

Daga baya na ji cewa saura kaɗan a fasa taron na bara. Abokinka Alhaji Ahmadou, mai kayan ɗinki, ya ce maka, “Musbahu, mu kanmu a kwance muke, ka ce mu ɗauki yara?” Ka ce masa, “Ahmadou, lokacin da kake tsaye me ka ba su? Zare ne. To shi ɗin dai za ka miƙo daga kwancen.” Ya ce kai da taurin kai kamar jakin Gwarzo, ka ce ai jakin Gwarzo ya fi na Garoua sanin hanyar gida. Washegari ya aiko da zare, har da tsohon keken ɗinki aro. A kansa na koyi taka keke. Ba zan manta masa ba.

Shekarar nan ita ce mafi daɗi a rayuwata. Ina tashi daga lise in zo in shimfiɗa jakunkuna. Yaran unguwa suka san ni, kowa ya tsinci karyayyar lema sai ya kawo. Idan ruwa ya sauko, rumfar takan yi ƙara har ba a jin magana, titi ya zama rafi, fitilun tasi su narke a cikinsa. Sai ka jawo kujerarka kusa, ka naɗe ƙafar wando, kana kallon ruwa. In ya tsagaita ka fara labari. Ka ce wata rana kowane kanti zai fitar da tebur ɗaya. Daga Akébé zuwa unguwar Alibandeng, daga nan a bi hanya har garin Ntoum, tebur yana kallon tebur, kowanne da yaro a bayansa. Mai tafiya zai sayi takalmi a nan, ya gyara agogo a can, ya sha zoɓo a gaba, bai taɓa abin da ya hau jirgi ba. Kana faɗa kana nuni da hannu kamar kana ganinsu. Ni ma sai in gan su, a jere cikin hazon bayan ruwa, har inda dajin ya fara. Wani lokaci a aji malamin lissafi yana rubutu, ni ina can ina tafiya a tsakaninsu.

Ba ka taɓa taɓa cinikina ba. Abin da kake tambaya kullum shi ne, “'Yar lema, an yi aikin gida?” Ranar da na ce ban yi ba ka sa na tattara kaya, ka ce teburin ba ya karɓar wadda ta gudo daga lakwal, wato makaranta.

A watan Sha'aban ka ɗauke ni a tsohuwar motarka, kamar yadda kake yi wa kowane mai tebur, muka zaga ganin aikin matasa. Lokacin an riga an sanar da wa'adi: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita. Gidaje da yawa mun tarar ana ɗaure kaya. Akwai mai ƙera murhu da gangar ƙarfe, akwai mai ɗinkin huluna. Kowanne ka tsaya, ka duba, ka sa albarka, ko da ka ga akwatinsa a bakin ƙofa.

Wurin ƙarshe ni na roƙa mu je. Prisca Nzamba maƙwabciyar kantinka ce, 'yar ƙasar nan, Kirista, ta girme ni kaɗan. Ta bar makaranta bayan karyewar kuɗi. Tana dafa sabulu da manjan da kakarta ke aikowa daga Ntoum. Takan tsaya gefen teburina in ta dawo daga talla, wata rana ta tambaye ni da Faransanci, “Wannan teburin, ku kaɗai ake ba?” Da na kawo maka tambayar ka ce, “Ni kike tambaya? Bakin naki ne, ba nawa ba.”

Muka same ta a bayan gidansu tana juya tukunya da muciya, ta ɗaure hanci da ƙyalle. Ka ɗauki sabulu ɗaya, ka shinshina, ka nemi ruwa ka wanke hannu. Ka yi mata Faransancinka da ke sa mu dariya, ita ma ta dara. A hanyar dawowa na yi ta jira ka ce wani abu. Ba ka ce ba. Waƙar wa'azi kawai kake bi a hankali, kana kauce wa ramuka. Har yau ban san abin da ka gani ba, kuma ba zan ɗora maka maganar da ba ka yi ba.

Talha yana cikin waɗanda ka raka Owendo ranar da ka rasu. Mai murhun ma haka. Kwanan nan na yi mafarkin jirginsu. Na gan shi yana fita bakin teku, duk mutanen ciki sun buɗe lemomi, ba ko ɗaya da ta karye, kai kuma kana tsaye a gaɓa da wandonka a naɗe. Na farka ban san ko in yi kuka ba ko in yi murna.

A zaman makoki ina miƙa tabarmi na ji Alhaji Ahmadou yana ce wa mahaifina, “Saïdou, a naɗe teburin nan. Wa ma ya rage? Namu suna cikin ruwa.” Mahaifina ya ce a hankali, “Yarinyar tana da wata a rai. 'Yar gidan Nzamba.” Alhaji ya ce, “Ana loda 'ya'yanmu kamar buhuna, mu kuma mu ɗauki kayanmu mu ba 'yar gari? Haba Saïdou.” Ban ga laifinsa ba. Ɗan ƙaninsa da ya rena tun yana goye yana cikin jirgin nan. Na koma ciki, na ce a raina shi ke nan.

Hajiya Ƙulu ce ta aika a kira ni ɗakin da take takaba. Ta ce, “'Yar lema, matso, ba cizo nake ba. Na yi magana da Taufiƙ.” Taufiƙ shi ne babban ɗanku, Baba. “Ko an sayar da kanti, rumfa da tebur ba sa cikin ciniki. Kin zaɓa?” Na ɗaga kai. Ta ce, “Da ka ake faɗa a gidanku? Kada ma ki gaya mini. Marigayi bai taɓa zaɓar muku ba, ni ba zan fara ba. Amma in kika yi shiru, ni da kaina zan sa a faskara teburin a hura wuta, don ba zan iya kallonsa ba kowa ba.”

To, iyayena 'yan kasuwa, ga abin da nake da shi. Na zaɓi Prisca Nzamba.

Ba don babu wanda zai tambaye ta takarda ba. Ba kuma don ta yi ta ɗebo ruwa ranar makoki ba, ko da yake ta ɗebo. Na zaɓe ta ne don sabulunta ba ya narkewa a damina, kuma iyayenmu mata da yawa da shi suke wanki ba su san mai yin sa ba. Akwai lokacin da sabulun wata dahuwa ya yi mata ƙarfi, yana cin hannu. Ba wanda ya kai ƙara. Ita ta bi gida gida ta karɓe shi, ta mayar da mai kyau, ta yi asarar manjan wata guda. Na gani da idona, ba ta san ina kallo ba. Abin da take bukata sodar dafa sabulu ce, da kwanonin zubi, da gurbin jarkar manja a motar da ke zuwa Ntoum. Mahaifina ya ce zai ba da ƙyallen naɗi. Ni zan ɗinka mata jakar talla. Baba Alhaji Ahmadou, ba na roƙon ka manta da abin da ke ranka. Ina roƙon ka zo ka zauna a inda ka saba zama, ko ba ka kawo komai ba.

Na san doka ba a takarda take ba, da baki ake faɗa. Ranar Lahadin bayan Salla zan miƙe a ƙarƙashin rumfa in faɗa. Na rubuta ne tun yanzu don in toshe wa kaina hanyar gudu. Idan muryata ta yi ƙasa, ku matso.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Musbahu, Ka karɓi azumin da ya tafi da shi, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya shi a inuwar da ba ta yoyo. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ƙulu, da Yaya Taufiƙ da ƙannensa, da 'yan uwa na Gwarzo, da abokansa na kasuwa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan teburin nan, na nan da waɗanda labarin zai iske a wata gaɓar. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sauke matafiyanmu lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin ƙungiya ne. Waɗanda suka tafi sun tafi da sana'o'insu, kuma ba wanda ya rubuta abin da kowannensu ya iya. Ni na san su, na ga hannuwansu suna aiki. Idan ba a ga rashin kunyata a wannan ba, a ba ni izini in sake rubutu, in faɗi su waye.

Hikima Saïdou
Akébé, Libreville