Tsoka Biyu a Cikin Ganye

Shekarar da Turawa suka sa a yi wa barikin Dutse rufi, ni ce mai tuwon gindin tsamiya. Mijina ya rasu, 'ya'ya uku a gabana, ba ni da abin da na dogara da shi sai tukunyata da sunana. Leburorin da aka kwaso daga Kiyawa duk a wurina suke ci. Ba yabon kai ba, miyar kukata har maƙiyina ya san da ita.

Cikin masu ci akwai wani kafinta, mutumin Kudu, Kirista, wanda Bature ya zo da shi. Dattijo ne siriri, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Tun hantsi yana kan jinka da guduma har la'asar, don ana so a gama kafin ruwan farko. Iya yake ce mini, ni kuwa in ce masa Malam Kafinta. Mutum ne mai son nama, har ƙashi yake taunewa.

Wata Laraba da bazara sai ga shi da toka a goshi. Na ce, "Malam Kafinta, ka shafo murhu." Ya yi murmushi, bai goge ba. Daga ranar ya daina cin rana. Sai da yamma zai karɓi tuwo, ya tsame tsoka biyun da nake sa masa, ya ƙunshe a ganye, ya soka a aljihu, ya ci tuwon da miya tsura.

Kwana uku na yi haƙuri, a na huɗu na tambaya. Ya ce, "Azumi nake, Iya. Kwana arba'in."

Azumi! Ni za a gaya wa azumi? Da idona na gan shi tsakar rana ya kafa kai a randa yana kwankwaɗar ruwa. Wane irin azumi ne ake shan ruwa, a ci tuwo, a ƙi nama? In ma ya ƙi, me ya sa bai bar shi a kasko ba? Ina yake kai shi? Nan take na ce a raina, mutumin nan ƙarya yake yi, akwai wata a ƙasa.

Ba ni kaɗai na lura ba. Mai furar da ke kusa da ni, wadda bakinta ba ya rufuwa, ta fara raɗa wa leburori cewa baƙon nan masani ne, tokar goshinsa ta tsari ce, ya hango wani abu a tukunyata. Wai naman yake kai wa Bature a duba. Wasu suka ce binne shi yake yi. Kalmar sammu ta fito. Kafin mako biyu, mutanen da suke rububin tuwona suka koma wucewa suna kau da kai. Tuwo ya riƙa kwana, ina dumama wa yara har suka gaji da shi. Wallahi na ji tsoro, don macen da aka liƙa wa sammu a garinmu ta gama sayar da abinci har abada.

Na tsani mutumin nan. In ya ce, "Sannu da aiki, Iya," sai in ji kamar in kwaɗa masa muciya.

Ran wata Juma'a na bar wa babbar 'yata tukunya, na ja mayafi na bi bayansa. Ya ratsa ta cikin dabinai, ya kama hanyar Garu tsakanin duwatsu, yana tafe yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Ina biye ina shirya zagin da zan yi masa a gaban bokan da nake zaton yana kai wa naman. Sai ya karya kwana ya shiga wani lungu da na fi kowa sani.

Lungun yayana ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma shekara uku ba ma ga-maciji, saboda bishiyar dabinon da mahaifinmu ya bari. Na rantse ba zan ƙara taka gidansa ba. Ko da ya faɗo daga kan wannan dabinon ya karye a ƙugu, ban je dubiya ba. Na ce alhakina ne.

Yaya yana zaune a zaure kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi, ga sandar dogarawa sabuwa fil a gefensa, aikin kafinta. Maƙwabta uku na tare da shi. Kafinta ya durƙusa ya kwance ganyen. Sai Yaya ya ɗaga kai ya gan ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Auta? Yau da kanki?"

Na raɓe a jikin ƙofar.

Ya juya ga maƙwabtan. "Ba na gaya muku ba? Kullum sai ta aiko. Ni na cuce ta, amma kullum sai ta aiko. Daddawar ma irin ta Inna ce." Ya sa hannu ya share ido.

Na dubi kafinta. Shi kuwa ya duƙufa yana duba ƙusar sanda kamar ba ya wurin.

A hanyar dawowa na tare shi. Na ce, "Malam Kafinta, ashe masu azuminku suna ƙarya?"

Ya ce, "Ban yi ƙarya ba, Iya. Ya tambaye ni daga ina, na ce daga tukunyar ƙanwarka. Sauran shi ya ƙarasa da kansa."

"To ai ban aika ba! Yana ta sa mini albarka a kan abin da ban yi ba."

"Mu ma haka Allah ya yi mana," in ji shi. "Alheri muke ce masa. Shi ya sa nake azumin, don in tuna ban biya komai ba." Ya duba rana, ya ce katako na jiransa, ya wuce.

Maƙwabtan nan uku suka baza labari. Kafin kasuwa ta sake ci, an daina maganar sammu, an koma maganar zumuncina. Leburori suka dawo. Har mai fura ta ce ita dama ta san halina. Kunya ta ishe ni, in ana yabona sai in sunkuyar da kai in yi ta tuƙa tuwo.

Washegarin Juma'ar na zuba miya a kwano da tsoka huɗu, na kai da kaina. Haka na yi ta yi shekara shida. Kafinta ya gama rufinsa, ya yi sallarsu, ya ci nama har da ƙashi, ya tafi kafin ruwa ya sauka.

Sau da yawa na buɗe baki zan gaya wa Yaya gaskiya. Sai ya riga ni, ya ce, "Auta, ba na manta bazarar nan da kika fara aiko mini." Har ya rasu ban gaya masa ba.